Yadda ake sassaƙa ganyen akantus a jikin katako

Ko ba ka san sunansa ba, ka san fuskarsa. Shi ne ganyen nan mai yatsu-yatsu da ke naɗe a kan ginshiƙan siminti na ƙofar manyan gidaje, shi ne kuma a goshin gadon amarya da hannun kujerun falo da ake shafa wa ruwan gwal. Akantus ake ce masa. Mafi yawan wanda ke kasuwa yanzu na zubi ne: a kwaɓa siminti ko filasta ko roba, a zuba a mazubi, a ciro, a manna. An yi ta kwafar mazubi daga mazubi har ganyen ya kumbura, ramukansa suka cike, jijiyoyinsa suka shafe. Abin yana damuna ƙwarai, don duk wanda ya taɓa riƙe na ainihi, wanda ƙarfe ya yanka a katako, ya ga yadda inuwa ke kwanciya a kwarinsa, ya san abin da aka yi asara.

Akantus tsiro ne na gaske da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Akwai Acanthus mollis mai faɗin ganye da laushi, akwai Acanthus spinosus mai ƙayoyi, sunan ma daga kalmar ƙaya ta Girkanci ya samo asali. Vitruvius, maginin Roma da ya rubuta littafinsa kan gine-gine a zamanin Sarki Augustus, ya ba da labarin yadda ganyen ya hau ginshiƙi. Ya ce wata budurwa ce ta rasu a birnin Koranti, mai renonta ta tattara 'yan kayan da yarinyar ke so a cikin kwando, ta ajiye a kan kabarin, ta rufe da fallen yumɓun rufin ɗaki don kada ruwa ya ɓata su. Ashe a kan saiwar akantus ta ɗora kwandon. Da bazara ta zo ganye ya tsiro ya lulluɓe kwandon, da ya kai ga murfin sai ya lanƙwaso ƙasa. Masassaƙin dutse Kallimachos ya zo wucewa ya gani, daga nan ya ƙirƙiro kan ginshiƙi irin na Koranti.

Labarin yana da daɗi, amma a 1893 wani masanin tarihin zane ɗan ƙasar Ostiriya, Alois Riegl, ya kawo hujjar cewa adon bai faro daga kallon tsiron ba. A ganinsa, tsohon adon nan mai kama da buɗaɗɗen ganyen dabino ne ya yi ta sauya kama a hannun masu sassaƙa har ya zo ya yi kama da akantus. Ni ina bayan wannan ra'ayi, kuma yana da amfani ga mai koyo. Ba tsiro za ka kwaikwaya ba. Tsari ne na layuka da ke fita daga tushe guda, su baje, su lanƙwasa. Wanda ya gane haka ya yi rabin aikin.

Kan ginshiƙin Koranti mafi daɗewa da aka sani an same shi ne a cikin haikalin Apollo da ke Bassae a Girka, na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekara ta 334 kafin haihuwarsa aka fito da shi waje a jikin hasumiyar Lysikrates a Atina. Romawa suka karɓa suka rungume shi hannu biyu: a jikin Ara Pacis, bagaden hadaya da aka ƙaddamar a Roma a shekara ta 9 kafin miladiyya, reshen akantus ne ke naɗewa yana cika ƙasan bango. A tsohuwar majami'ar Aya Sofiya ta birnin Istanbul, wadda aka gama a 537, an huda dutsen an rarake bayansa har ganyen ya zama kamar saƙar leshi. Musulmin farko sun tarar da shi a Sham suka ci gaba da shi. Yana cikin adon Ƙubbatus Sahra da Halifa Abdulmalik bn Marwan ya gina wajen 691, yana kuma jikin allunan katako na ƙarni na 8 da aka ciro daga Masallacin Ƙudus lokacin gyaran 1938 zuwa 1942. A babban masallacin Ƙairawan na Tunisiya, da yawa daga kawunan ginshiƙan tsofaffin na Romawa ne aka sake amfani da su, da ganyensu. A fannin katako kuwa, sunan da ke gaba a Ingila shi ne Grinling Gibbons, wanda ya rayu daga 1648 zuwa 1721, ya yi aiki a cocin St Paul na Landan. A ƙasar Nowe, a kwarin Gudbrandsdal, Jakob Klukstad ya ƙawata cocin Lesja da shi a ƙarni na 18, mutanen karkara suka ɗauka suna sa wa kabad da akwatunansu.

Ka san sassan ganyen tukuna

Ganye ɗaya za mu yi, miƙaƙƙe, mai gefe biyu iri ɗaya. A tsakiya akwai uwar jijiya, mai kauri a gindi, tana sirancewa har ta ɓace a kai. Kowane gefe yana da fukafukai uku, sai guda ɗaya a can sama wanda ke lanƙwasowa gaba kamar ganyen da ya bugi murfin kwandon nan. Kowane fiffike yana da yatsu uku ko biyar, na tsakiya ya fi tsawo. Inda fiffike biyu suka haɗu akwai ɗan rami mai siffar ɗigon hawaye, shi ake kira ido. Daga ƙarƙashin kowane ido wani ɗan tudu mai kama da bututu yana gangarowa zuwa gindi, kamar yadda yadi ke tattarewa idan ka tsunkule shi da yatsa biyu. Fiffiken ƙasa yana ɗan hawa kan na samansa.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: duk layin da ke jikin ganyen, ko jijiya ce, ko bututu, ko kwarin yatsa, idan ka bi shi da ido dole ya gangara ya nufi gindi ba tare da ya karye ko ya tsallaka wani ba. Layukan ba sa shiga uwar jijiya a gicciye, suna kwantawa ne a gefenta su tafi tare. Layi ɗaya da ya saɓa ya isa ya ɓata ganye duka, ko wanda bai san sassaƙa ba zai ji wani abu bai zauna daidai ba.

Katako da ƙarafa

Masassaƙan Turai sun fi son itacen da ake kira lime ko linden, saboda zarensa a miƙe yake kuma yana yankuwa ta kowace fuska. Shi Gibbons ya fi aiki da shi. A kasuwannin katako na wajenmu, malaina ce ta fi dacewa da mai koyo, sai dai tana jinkirin bushewa, don haka nemi wadda ta daɗe a ajiye. Ɗanyen katako zai yi maka ladabi a damina, hunturu na shigowa ya tsage. Obece ma tana yi, amma laushinta ya sa in ƙarfe bai yi kaifi sosai ba sai ta murmushe maimakon ta yanku. Maɗaci yana da kyan launi da ƙarko, amma zarensa a sarƙe yake, yana juyawa nan da can. Bar shi sai hannunka ya faɗa. Yanko guntu mai tsawon santimita 25, faɗin 12, kaurin 3, babu ƙulli, zaren katakon ya bi tsawon ganyen.

Cizal ɗin kafinta mai miƙaƙƙen baki ba zai yi wannan aiki ba. Ana buƙatar masu kwarin baki, kuma kamfanoni irin su Pfeil na Suwizalan suna buga musu lamba biyu: ta farko zurfin kwarin, ta biyu faɗin bakin a milimita. Lamba 3 kusan a shimfiɗe take, lamba 9 rabin da'ira ce, lamba 11 kamar harafin U. Shida sun ishe ka: lamba 3 mai faɗin 12, lamba 5 mai faɗin 12, lamba 7 mai faɗin 10, lamba 9 mai faɗin 5, lamba 11 mai faɗin 3, sai mai bakin V mai faɗin 6 ko 8. In ba su samu ba, maƙeri gwani zai ƙera maka daga tsohon sifirin mota, muddin ka zana masa lanƙwasar kowane baki a takarda kuma ya iya ba ƙarfe ruwa. Ƙara da gudumar katako, da ƙaramin zarto mai yanka lanƙwasa, da abin matse aiki a tebur.

Washi shi ne rabin sana'ar. Kwantar da bakin a kan dutse a kusurwar digiri 20 zuwa 25, kana mirgina shi daga wannan gefe zuwa wancan don duk lanƙwasar ta taɓa dutse daidai. Idan ka shafa ka ji ɗan kaushin ƙarfe ya taso ta cikin bakin, goge shi da siririn dutse, sannan ka ja bakin baya-baya a kan fata da aka shafa wa maganin goge ƙarfe. Gwajin ba aske gashin hannu ba ne. Yanka guntun katako mai laushi a gicciye: in wurin ya fito sumul yana sheƙi, ya yi, in ka ga farin layi a ciki, akwai giɓi a bakin, koma dutse. Ajiye fatar kusa da kai, kana komawa kanta duk bayan kamar minti 20.

Zane da kafa aiki

Ninka takarda biyu, zana rabin ganyen a jikin ninkin. Fara da uwar jijiya, sai layukan da ke fita daga gindi zuwa kan kowane fiffike, sai wuraren idanu, yatsu su zo a ƙarshe. Tazarar idanu tana raguwa yayin da kake hawa sama. Kwafe rabin zuwa ɗaya gefen, ka yi kwafi biyu, domin zanen da ke kan katako zai tafi da yankan farko. In kana da yumɓu a kusa, gina ganyen da shi tukuna. Awa ɗaya da yumɓu za ta nuna maka inda tudu yake da inda kwari yake fiye da kwana uku na kallon hoto.

Sauke zanen a kan katako da takardar kabon, ka yanke kewayen da zarto. Kada ka bi yatsu ɗaya-ɗaya, bi kewayen fukafukai kawai ka bar kamar milimita 2 a waje da layi. Sai ka samo wani allo da ya fi aikin girma, ka shafa gam na kafinta da aka ɗan tsinka da ruwa, ka shimfiɗa takardar jarida, ka ƙara gam, ka ɗora ganyen ka danne ya kwana. Allon za ka matse a tebur. Takardar nan ita za ta ba ka damar raba su daga baya. Zauna inda haske ke shigowa ta gefe, kamar kusa da taga. Fitilar da ke bisa kai tana shanye inuwa, inuwa kuwa ita ce kake sassaƙawa. Hannayenka biyu su kasance a bayan bakin ƙarfe kullum, ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙe da ƙarfen da tsintsiyar hannu a kafe a kan katako yana taka masa birki.

Babbar siffa

Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa, saboda zumuɗin ganin yatsu da jijiyoyi. Manta da su. A gefen katakon zana yadda ganyen zai tashi ya kwanta: gindi ya fara da kaurin santimita 2, ciki ya taso zuwa 2 da rabi, ya gangara zuwa 1 da rabi a ƙarƙashin kai, kan kuma ya riƙe kaurinsa na 3 gaba ɗaya don lanƙwasar. Da lamba 7 da guduma kwashe abin da ya yi yawa, sannan ka gangarar da gefuna biyu zuwa kamar santimita 1. Bi da lamba 3 ka share. Abin da ya kamata ka gani a gabanka shi ne wani abu mai kama da harshe, sumul, mai tudu da gangara. Shafa shi ido a rufe. In hannu ya ji wani gefe ya fi wani, gyara yanzu, don bayan wannan babu dama.

Sai maganar zaren katako, wadda za ta bi ka har ƙarshen aikin. Tuna yadda ake feƙe fensir: daga jiki zuwa tsini wuƙa ke tafiya lafiya, in ka juya sai ta nutse ta tsaga. Haka katako yake, daga tudu ake yankowa zuwa kwari. Kunnenka ma zai gaya maka. Yanka mai kyau yana da sauti mai laushi, ɓawon yana naɗewa. In ka ji ƙas-ƙas, ka ga tsaga tana gudu a gaban ƙarfe, tsaya nan take, zare ƙarfen ka zo ta ɗaya ɓangaren.

Idanu, fukafukai da bututu

Sake zana komai a kan sabuwar siffar, da hannu, kana duban kwafinka. Da mai bakin V bi gefe biyu na uwar jijiya daga sama zuwa gindi, yanka ɗaya doguwa in zai yiwu, mara zurfi a sama, tana ƙara zurfi a ƙasa.

Yanzu idanu. Tsayar da lamba 9 a tsaye a kan zagayen ƙasan idon, ka danna kana ɗan murza shi, sannan da lamba 3 ka yanko gefe biyu su haɗu a tsini ta sama, inda tsagar da ke raba fukafukai ta fara. Guntun ya fito da kansa. In bai fito ba, kada ka ɓanɓare shi, sake bin yankan har su haɗu a ƙasa. Ido ya yi zurfi sosai, kusan ya kai allon baya, domin baƙin da ke cikinsa shi ke ba ganyen rai daga nesa. Kuma kowane ido ya karkata ya bi layin bututunsa. Idon da ke kallon wani wuri daban shi ne alamar farko ta aikin da ba a fahimta ba.

Daga kowane ido, bi gefen saman fiffiken ƙasa da mai bakin V, sannan ka daidaita bangon da cizal ɗin da lanƙwasarsa ta dace da layin, a tsaye. Sai ka rage ƙasan fiffiken sama da lamba 3 ya shige ƙarƙashi da kamar milimita 3 ko 4. Hawa ya samu ke nan. Abin da ka yi a dama, yi shi a hagu nan take kafin ka wuce, kada ka gama gefe guda ka dawo.

Bututu ba a ɗora shi, ragowa yake yi. Da lamba 11 ja kwari ɗaya a kowane gefen ido, su gangaro suna matsowa kusa da juna har su kwanta a gefen uwar jijiya. Tudun da ya rage a tsakaninsu shi ne bututun. Kifa lamba 3 ka zagaye bayansa. A nan za ka gamu da matsalar da ke cikin duk kwarin da ya ratsa zare a karkace: bango ɗaya zai fito sumul, ɗayan ya yi kaushi. Ba laifin ƙarfe ba ne. Gama bangon da ya yi kyau, ka juyo ta ɗaya ƙarshen ka share mai kaushin, ƙarfen a ɗan jingine gefensa. Wannan juyi za ka yi shi sau ɗari a ganye guda, kuma da shi ake gane wanda ya iya.

Sai kwarin fukafukai. Da lamba 7 fara daga kan yatsan tsakiya ka gangaro zuwa gindi, kwarin yana sirancewa. Yatsun gefe kowanne da nasa kwarin, da lamba 5, suna narkewa cikin na tsakiya. Ƙunyar da ke tsakanin kwari biyu ka bar ta da kaifinta, kada ka goge. Ita ke kama haske.

Yatsu da kai

Yanzu ne lokacin yatsu ya yi. Sake zana su, ka zaɓi cizal ɗin da bakinsa ya dace da kowace lanƙwasa, ka sara a tsaye, ka cire ɗan guntun da ke tsakanin yatsa da yatsa da yanka biyu. Bar ƙarfe ya yi maka zanen. Shi ya sa tsofaffin ganyaye ke da tsafta, lanƙwasar bakin ƙarfen ce ake gani a gefensu. Jijiyoyin ado kaɗan sun isa, ɗaya ko biyu a fiffike, da lamba 11, su fara a hankali su ɓace a hankali. Yawansu yana mai da ganye kamar an yi masa zane da ƙusa.

Kan ganyen shi ne na ƙarshe. A ganyena na farko na rarake ƙarƙashinsa tun da wuri don in ga kyan lanƙwasar, ina cikin buga guduma a gindi sai gwiwar hannuna ta same shi, ya ɓalle. Na ji zafin abin sosai, kwana huɗu ke nan ina kansa. Zaren katako a wurin gajere ne, ba shi da abin riƙewa. Don haka zagaye bayansa tukuna, ka fitar da yatsunsa, sai komai ya kammala ka rarake ƙarƙashin da hannu kawai, ba guduma, kaɗan-kaɗan. In wani wuri ya ɓalle, kada ka taɓa fuskar karayar. Ɗiga gam, mai da guntun mazauninsa, ɗaure da tef ya kwana. Sau da yawa ko kai ba za ka sake gane wurin ba.

Rabawa da gamawa

Zura siririyar wuƙa mai faɗi a layin takardar ta wajen gindi, ka bi a hankali har jaridar ta rabe biyu. Kifa ganyen a kan tsumma mai kauri ko ƙaramin buhun yashi, ka fereye bayan gefunan a karkace da lamba 3 har bakin ganyen ya zama kamar milimita 2 a ido, alhali naman yana nan a ciki. Kana yi kana juyawa kana dubawa ta gaba. Wannan ferewa ce ke ɗaga ganyen daga jikin abin da za a manna shi, inuwa ta shiga ƙarƙashi.

Samfefa kuwa, ra'ayina a guje ta. Tana cinye ƙunyoyin da ka sha wahalar fitarwa, kuma yashinta yana maƙalewa a katako ya dakushe ƙarfe in ka dawo gyara. In akwai kaushi, wasa ƙarfe ka sake bi da yanka siririya. In dole sai an sa, to mai laushi ƙwarai, a cikin kwari kawai, bayan an ajiye ƙarafa. Fenti mai kauri da banish mai sheƙi su ma suna cike idanu su mai da aikin hannu kamar na zubi. Narkar da kakin zuma a gwangwani da ka tsoma cikin ruwan zafi, nesa da wuta ka zuba ɗan man tafentin ka gauraya ya yi laushi kamar man kaɗe. Shafa kaɗan da tsohon buroshin haƙori ya shiga kowane lungu, bar shi ya sha iska na awa ɗaya, ka goge da busasshen buroshi da tsumma mai laushi. Kakin da ya taru a cikin idanu ka zaƙulo shi da tsinke.